Idan Juzu'i Ya Ɓace Daga Rumbun Na'ura

Manomin Dayi, ko na Malumfashi, ko na Funtuwa, ba ya bukatar malami ya karanta masa fa'idar rumbu, domin tun kaka da kakanni ya san cewa masara da dawar da aka sha wahalar nomansu da damina, muddin ba a sama musu maɓoya da kaka ba, to rabon gara ne da ɓera. Amma zamani ya zo da wani irin rumbu wanda ba a gina shi da laka, ba a kuma yi masa jinka, watau wani ɗan akwati da ake ajiyewa a kusurwar ɗaki, a jona shi da waya zuwa ga na'urar raba intanet, ta yadda kowace kwamfuta da kowace wayar hannu da ke gidan za ta zuba ajiyarta a ciki, ta ɗebo sa'ad da ta so. Turawa na kiransa NAS, kuma cikin mashahuran masu ƙera shi akwai Synology da QNAP na ƙasar Taiwan, da Western Digital na Amurka. Waɗanda ya fi yi wa amfani a wajenmu su ne mai ɗaukar hoton biki, da mai shagon buga takardu, da dillalin hatsi ko taki wanda lissafin bashinsa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa.

To, wata rana mai akwati zai wayi gari ya buɗe kwamfutarsa, ya tarar fitilun akwatin na ci, fankarsa na juyawa, amma juzu'in, watau sashen da ya tara ajiyarsa ta shekaru a ciki, ya yi ɓatan dabo. A wannan sa'a ce ake yin hasarar gaske, kuma galibi ba na'urar ce ke jawo ta ba, hannun mai ita ne.

Ya kai mai karatu, ka tuna da Alƙur'ani rubutun hannu irin na alarammominmu, wanda warƙoƙinsa ba a ɗinke suke ba, a jere kawai suke cikin gafaka, marubuci kuwa ya ɗiga kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan kowace warƙa domin kada jeri ya rikice. Idan iska ta watsa su, babu harafi ɗaya da ya goge, tartibi ne kawai ya ɓace, kuma mahaddaci mai haƙuri zai mayar da kowace mazauninta. Haka al'amarin juzu'i yake. A cikin akwatin akwai faifai biyu, ko huɗu, ko fiye, an ɗaure su da wani tsari da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Patterson da Gibson da Katz, suka raɗa wa suna RAID a 1987, kuma a kan kowane faifai akwai ɗan taƙaitaccen rubutu mai faɗin matsayinsa a cikin 'yan'uwansa. Idan wannan rubutu ya sami tasgaro, ko faifai ɗaya ya ƙi amsa kira, sai na'ura ta ce ba ta ga juzu'i ba, alhali kuwa hotunan da takardun na nan kwance inda aka bar su.

Sabubban wannan ba baƙi ba ne gare mu: ɗauke wuta bagatatan na'ura tana tsakiyar rubutu, da sauyawa zuwa janareta, da tsawar damina, da ƙurar hunturu mai toshe kafofin iska, da zafin bazara.

Abu na farko da ya wajaba shi ne kame hannu. Na'urar za ta yi maka tayin ƙirƙirar sabon juzu'i, ko ta nemi izinin share faifan ta shirya shi sabo, kuma za ta yi tayin da ladabi kamar mai neman taimakonka. Kada ka amsa. Yin haka daidai yake da wanke allo a ɗora sabon rubutu a kai, wanda babu alaramman da zai iya karanto na jiya daga ƙarƙashinsa. Maimakon haka, ka fara tabbatar da cewa ba wayar jonawa ce ta saki ba, kana ka shiga shafin kula da akwatin ka ƙidaya faifan da yake gani, ka ɗauki hoton duk wani gargaɗi da ya rubuta. In har juzu'in yana buɗuwa, ko da na'ura ta ce ya raunana, to ka kwashe abin da ya fi muhimmanci zuwa wani faifai dabam tun kafin ka sa sabon faifai a gurbin matacce, sabili da aikin sake ginin yana tilasta wa sauran faifan karanta kansu kakaf, kuma a irin wannan wahala ce na biyu ke faɗuwa. Tsarin RAID 1 mai faifai biyu da na RAID 5 suna jure mutuwar faifai ɗaya ne kawai. RAID 0 kuwa ba ya jure ko ɗaya.

Idan juzu'in ya ƙi bayyana sam, a kashe akwatin ta hanyar da ta dace, a rubuta wa kowane faifai lambar gurbinsa kafin a zare shi. A nan akwai tarko na biyu, domin mafi yawan akwatunan nan da Linux suke aiki, shi kuwa Windows bai san rubutunsu ba, saboda haka da zarar an jona masa faifan zai iya cewa a shirya shi sabo. Gwani na ƙwarai ba zai yarda ba. Zai fara kwafe kowane faifai sukutum zuwa wani da manhajar ddrescue, sa'an nan ya harhaɗa kwafin a kan Ubuntu da mdadm, ya buɗe shi don karatu kaɗai ban da rubutu. In fihirisar ajiyar ce ta lalace, ya nemi taimakon TestDisk ko PhotoRec na Bafaranshen nan Christophe Grenier, waɗanda kyauta ake samunsu. Faifan da aka ji yana ƙwas-ƙwas kuwa, ciwonsa a jiki yake, a kashe shi nan take, kada a buɗe cikinsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi. Daga Dayi hanyar Gwarzo ta miƙe zuwa Kano, inda masu gyara suke da yawa, amma a ganina duk wanda ya ce zai gyara ba tare da ya fara kwafewa ba, gara a karɓi kaya a yi masa sallama.

Kada kuma wani ya ruɗu da cewa faifai biyu a akwati ɗaya ajiya biyu ce, don kuwa gobara da ɓarawo ba sa ɗaukar ɗaya su bar ɗaya. A watan Yuni na 2021, masu wani irin akwati mai suna My Book Live a ƙasashe da dama sun wayi gari an shafe musu ajiya daga nesa ta intanet, suna barci a gidajensu.

Don haka muna roƙon duk mai irin wannan akwati ya sa masa batirin nan mai riƙe wuta da ake kira UPS, ya riƙa kakkaɓe masa ƙura, ya kuma sayi faifai guda na dabam, ya kwafe ajiyarsa a kai duk ranar Juma'a, ya kai shi gidan ɗan'uwansa.