Idan Ruwa Ya Kayar da Madafa

Uwargida, idan damina ta yi nisa a watan Agusta, a lungunan Ƙofar Mata ba a rasa gidan da madafarsa ta faɗi, don ginin ƙasa idan ya sha ruwa sai ya zube. Yara kuwa cikinsu kawai suka sani.

Ki nemi kurfoti da gawayi, ki ajiye shi a zaure ko ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa. Don Allah kada ki shigar da shi ɗaki ki rufe ƙofa don gudun ruwa. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, amma tana kashe mutum yana barci.

Tukunya ɗaya ta isa. Ki jiƙa wake tun dare, ki jefa masa 'yar kanwa, ki yi dafa-duka da rana, na dare ki zuba a kula. Da safe ki aika a sayo koko da ƙosai. Ranar da gawayi ya jiƙe, ki kwaɗa garin rogo da ƙuli-ƙuli da albasa, duk akwai su a Kasuwar Rimi.

Maigida, kai kuma ka samo kwano ka kafa mata rumfa kafin magini ya zo.