DARASIN KIWON LAFIYA: ME KE KAWO CIWON DAJI NA BAKIN MAHAIFA?

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan wata ya shafi kowane gida. Za mu yi bayani a kan ciwon daji na bakin mahaifa, wanda wasu ke kira sankara. Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke buɗewa lokacin naƙuda domin jariri ya fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, wajen 350,000 kuma suka rasu. A Nijeriya, a shekarar 2020, an ƙiyasta mata 12,000 suka kamu, 8,000 suka rasu. In ban da ciwon daji na nono, babu wanda ya fi shi kama mata a ƙasar nan.

MENE NE TUSHENSA?

Wannan ciwo ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuma hannun kishiya ba ne. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take haddasa shi. Ido ba ya ganinta. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano nau'o'inta biyu mafiya haɗari a 1983 da 1984. Ana kiransu lamba 16 da lamba 18. Cikin mata 10 masu wannan ciwo, su ne sanadin na 7.

Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar saduwa tsakanin namiji da mace. Namiji yakan ɗauke ta bai sani ba, domin yawanci ba ta nuna wata alama. Akasarin mata, jikinsu yakan kashe ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma a jikin wasu takan zauna, tana ɓata naman bakin mahaifa sannu a hankali. Sai bayan shekara 15 zuwa 20 abin yake zama daji. Saboda haka matar da ciwon ya bayyana gare ta tana da shekara 45, mai yiwuwa tun tana amarya ta ɗauki ƙwayar. Kada a zarge ta da komai.

ABUBUWAN DA KE ƘARA HAƊARI

1. Fara saduwa da ƙuruciya. Bakin mahaifar yarinya bai yi ƙwari ba, ƙwayar takan kama shi da sauƙi. Iyaye su lura da wannan kafin su aurar da ƙaramar yarinya.

2. Neman mata ko neman maza. Mace tana iya tsare kanta, mijinta ya kwaso mata daga waje. In gidan mai mata biyu ko uku ne, dukansu suna cikin haɗari.

3. Yawan haihuwa, da kuma yin cikin fari da ƙananan shekaru.

4. Cutar ƙanjamau. Tana raunana garkuwar jiki. Mace mai ɗauke da ita ta fi sauran mata haɗarin kamuwa har sau 6, kuma dajin yakan bayyana cikin shekara 5 zuwa 10.

5. Shan taba. Gubar taba takan isa har bakin mahaifa.

6. Sauran ciwace-ciwacen sanyi da ba a yi maganinsu ba.

7. Shan ƙwayar tazarar haihuwa fiye da shekara 5. Ƙarin haɗarin kaɗan ne, kuma yakan ragu bayan an daina. Kada a bar ta sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

ALAMOMIN DA BA A ZAMA DA SU

Da farko ciwon ba ya zafi. Amma idan mace ta ga jini bayan kwana da mijinta, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jini bayan ta daina al'ada gaba ɗaya, ko ruwa mai wari yana fita, to ta tafi asibiti nan da nan. Kunya ba ta maganin ciwo.

ME ZA MU YI?

A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin HPV kyauta. Allura ɗaya ce, kuma an fara da masu shekara 9 zuwa 14. Ku tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku.

Matan da suka kai shekara 30 su je a duba bakin mahaifarsu ko da ba sa jin komai. Mai ɗauke da ƙanjamau ta fara tun tana da shekara 25. In an ga ɓarnar da wuri, ana maganinta tun ba ta zama daji ba. Magidanta, ku ba iyalinku izini da kuɗin mota. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN 'YAN AJI

1. Mene ne sunan ƙwayar da ke kawo wannan ciwo?
2. Kawo abubuwa uku da ke ƙara haɗarinsa.
3. Wace alama ce za ta sa mace ta garzaya asibiti?

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya ba mu lafiya, amin.