MAƘOƘO MAI ZAFI: ALAMOMINSA DA HANYOYIN MAGANINSA

Kowa ya san maƙoƙo, watau kumburin nan da yakan fito wa mutum a gaban wuya. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne maƙoƙo iri-iri ne. Akwai wanda rashin sinadarin aidin a cikin abinci ke kawowa. Saboda shi ne Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci tun 1993. Akwai kuma wani iri dabam wanda yakan zo da rama, da faɗuwar gaba, da yawan zufa. Shi ne za a kira maƙoƙo mai zafi a cikin wannan darasi. Yana da magani, amma in aka yi sakaci da shi yana iya halaka mutum.

Mene ne tushen cutar?

A gaban wuyan kowane ɗan Adam, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiranta tayrod. Aikinta shi ne ta tsotsi aidin daga cikin jini, ta sarrafa wasu sinadarai biyu da ake kira T3 da T4, ta sake su cikin jiki. Su ne ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, da ɗumin jiki, da narkewar abinci. Tayrod ba ta aiki gaba gaɗi. Akwai wani sinadari mai suna TSH da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ne linzaminta. In T3 da T4 suka yi ƙaranci sai TSH ya ƙaru ya zaburar da ita, in suka yi yawa sai ya ragu.

Maƙoƙo mai zafi yakan samu ne sa'ad da tayrod ta ƙi bin linzami, ta yi ta zuba sinadaranta fiye da kima. Daga nan sai jiki ya zama kamar murhun da aka cika wa itace, abinci na shiga yana ƙonewa nan take. Mafi yawan lokaci dalilin shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta yi kuskure ta riƙa tsokanar tayrod. Wannan ita ake kira cutar Graves, da sunan wani likitan ƙasar Ayalan, Robert Graves, wanda ya bayyana ta a 1835. Wani lokaci kuwa ƙulli ne ɗaya ko da yawa ke fitowa a cikin tayrod, su riƙa aikin kansu, kuma an fi ganin haka ga waɗanda suka daɗe da maƙoƙo. Cutar ta fi kama mata nesa ba kusa ba, tana kuma iya bin dangi. Amma ba a ɗaukarta ta cuɗanya, ko cin abinci tare, ko auratayya.

Alamomin da za a lura da su

A ɗauki misalin wata matar aure a cikin garin Bauci. Ga sanyin hunturu ya sauka, mutanen gida kowa ya ƙudundune cikin bargo, ita kuwa tana tsakar gida tana fifita, zufa na keto mata. Tana cin abinci fiye da da, amma zanenta kullum sai ƙara sakwarkwacewa yake. In ta ɗauki kofi sai hannu ya kama rawa. Da dare barci ya gagara, gabanta na dukan uku-uku. Abu kaɗan sai ta yi fushi, har dangin miji su ce halinta ya sake. In ta je kasuwar Wunti ta dawo sai ta zube don gajiya. Jinin al'adarta ya ragu, idanunta kuma sun fara firfitowa.

A irin wannan hali ne akan yi kuskure. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, wani kuma ya ce hawan jini ne. A yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe, wata da watanni, cuta na ƙara cin jiki. Wasu har sukan kai ga wanzami ya yi tsaga a kan kumburin. Wannan ganganci ne babba, domin manyan hanyoyin jini suna nan a wuya, tsaga kuwa ba ta rage aikin tayrod ko kaɗan.

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in yana hutawa. Ta mai wannan cuta takan zarce 100 ko da yana zaune. In aka bar ta haka, bugun yakan rikice, zuciya ta gaza, ko jini ya daskare ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙasusuwa sukan yi rauni. Mai ciki tana iya yin ɓari ko ta haihu kafin lokaci. Mafi muni shi ne ranar da cutar za ta taso gaba ɗaya, da zazzaɓi mai tsanani da ruɗewa. Wanda ya kai haka, sai a garzaya da shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Yadda ake gane ta a asibiti

Mutumin Bauci da ya ga waɗannan alamomi sai ya fara da asibitin da ke kusa da shi, daga nan a tura shi ga likitan da ya ƙware. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda da shi ne Asibitin Ƙwararru na jiha kafin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Likita zai taɓa wuya, ya ƙirga bugun jini, ya duba ido da hannu, sa'an nan ya sa a ɗibi jini. In aka tarar TSH ya faɗi ƙasa ƙwarai, T4 ko T3 kuma sun hau, to, an gane cutar. Wani lokaci akan ƙara da hoton wuya don a ga ko akwai ƙulli. Kada kowa ya fara shan magani kafin wannan awo, domin tarin fuka da ciwon sukari su ma suna ramar da mutum, kuma kowannensu da nasa magani.

Hanya ta farko: ƙwayoyin sha

Tun 1943 aka fara amfani da ƙwayoyin da ke hana tayrod sarrafa sinadaranta. Wadda aka fi bayarwa a Nijeriya ita ce kabimazol. Ba ta aiki rana ɗaya, domin sai sinadaran da tayrod ta riga ta tara sun ƙare tukuna. Saboda haka sauƙi yakan fara bayyana ne bayan makonni. Kafin nan likita yakan haɗa da wata ƙwaya, furofaranolol, mai kwantar da bugun zuciya da rawar hannu. Ita wannan ba ta warkar da cutar, kuma ba ta dace da mai ciwon asma ba, don haka lalle mai asma ya faɗa wa likita.

Akan maimaita awon jini kamar kowane mako 4 zuwa 6 da farko, likita na rage yawan ƙwayar gwargwadon abin da awo ya nuna. Mai cutar Graves yakan sha magani wata 12 zuwa 18. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Da zarar mutum ya ga ya mai da jiki, barci ya dawo, sai ya ce ya warke, ya ajiye magani don tsadarsa ko don gajiya da zuwa asibiti. Ba a jimawa cuta ta dawo, kuɗin da aka kashe a baya ya tafi a banza. Ko waɗanda suka cika wa'adin ma, kusan rabinsu cutar takan sake taso musu, shi ya sa ba a yanke zuwa awo bayan an daina sha.

Akwai gargaɗi guda uku da ya wajaba mai shan kabimazol da iyalinsa su riƙe. Na ɗaya, in zazzaɓi ya zo da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, a dakatar da ƙwayar, a tafi asibiti a ranar don a auna jini. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya kemis. Dalili kuwa, ga mutane ƙalilan, ƙasa da 1 cikin 100, maganin yakan karya fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Na biyu, in ido ya yi rawaya kamar na mai shawara, ko fitsari ya yi duhu, a koma wurin likita, don alamar taɓuwar hanta ce. Na uku, macen da ta sami ciki, ko take neman samu, ta sanar da likita da wuri. A watanni ukun farko na ciki akan sauya mata da wata ƙwaya da ake kira PTU. Kada ta daina magani da kanta, domin barin cutar ya fi hatsari gare ta da abin da ke cikinta.

Hanya ta biyu: aidin mai tururin nukiliya

In cutar ta dawo bayan ƙwayoyi, ko jiki ya ƙi karɓarsu, ko kuwa ƙulli ne sanadinta, likita yakan ba da shawarar wannan hanya. Jin kalmar nukiliya yakan tsorata mutane, amma maganin ba sabo ba ne. Wani likita mai suna Saul Hertz ne ya fara ba majiyyaci shi a birnin Boston na Amurka a 1941, kuma tun daga lokacin ake amfani da shi a duniya.

Hikimarsa mai sauƙin ganewa ce. Tayrod ce gaɓar da ta fi kowace tara aidin a jiki. In mutum ya haɗiyi wani nau'in aidin da ake kira aidin 131, a ƙwaya ko a ruwa, sai tayrod ta janye shi ta tara. Tururin da ke yin aikin bai fi tafiyar milimita 1 zuwa 2 a cikin tsoka ba, saboda haka sai ya rage tayrod daga ciki. Wanda ba ta ɗauka ba, yawancinsa yakan fita ta fitsari cikin 'yan kwanaki. Ƙarfin sauran kuma yana raguwa da rabi kowane kwana 8. Ba yanka, ba allurar barci, kuma galibi sau ɗaya ake sha. Cikakken amfaninsa yakan bayyana cikin wata 2 zuwa 6, wasu kuwa sai an ƙara musu karo na biyu.

Ba kowane asibiti ke ba da shi ba, domin yana bukatar ƙwararru da izinin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya. Wuraren da aka sani da wannan aiki su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda ya buɗe sashensa a 2006, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Daga ƙasashen waje ake kawo maganin, kuma da yake ƙarfinsa na raguwa kullum, ba ya ajiyuwa. Don haka mutumin Bauci kada ya kama hanyar Jos zuwa Abuja sai da takardar likitansa da ranar da aka yanka masa. Likita zai kuma faɗa masa ranar da zai dakatar da kabimazol kafin tafiya.

Mai ciki ba ta shan wannan magani ko kusa, domin zai lalata tayrod ɗin ɗan da ke cikinta. Akan yi awon ciki kafin a bayar. Mai shayarwa sai ta yaye ɗanta makonni kafin ranar, kuma ba za ta mai da shi ga nono ba. Bayan sha, mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 6, namiji kuma aƙalla wata 4. Wanda idanunsa suka firfito ƙwarai ya tattauna da likita tukuna, don maganin na iya ƙara matsalar, musamman ga mai shan taba.

Bayan an koma gida akwai ƙa'idodi na 'yan kwanaki ko makonni, gwargwadon yadda asibiti ya rubuta. Majiyyaci ya kwana shi kaɗai. Kada ya daɗe kusa da ƙananan yara da masu ciki, uwa kuma ta bar goyo tukuna. A ware masa kwano da kofi da buta, kada ya sa hannu cikin akushi ɗaya da jama'a. Ya sha ruwa da yawa, ya kora bayi da ruwa sosai, ya wanke hannu da sabulu. Ya kuma tambayi asibiti yadda zai yi da doguwar tafiya cikin motar haya. In wa'adin ya cika, shi ke nan, ya koma cikin iyalinsa. Bai kamata maƙwabta su ƙyamace shi ba.

Ya kamata a sani tun farko cewa yawancin waɗanda suka sha wannan magani tayrod ɗinsu takan koma yin aiki ƙasa da kima. Alamominsa su ne kasala, da jin sanyi, da ƙiba, da bushewar fata. Wannan ba kuskuren likita ba ne, abu ne da aka san zai iya faruwa. Gyaransa ƙwaya ɗaya ce ta tayroksin kowace safiya kafin karin kumallo, har iyakar rayuwa, tare da awon jini lokaci-lokaci. Mai shanta yakan yi noma, ya yi kasuwanci, mace ta haihu lafiya.

Hanya ta uku ita ce fiɗa, watau a cire tayrod. Akan zaɓe ta in maƙoƙon ya yi girma har yana danne maƙogwaro, ko ana zargin ciwon daji. Ba a yinta sai an fara kwantar da cutar da ƙwayoyi.

Kira ga jama'a

Nauyin wannan al'amari bai tsaya kan majiyyaci kaɗai ba. Maigida ne zai ba da izini da kuɗin mota, shi ne kuma zai yi haƙuri da matar da cuta ta sauya wa hali. Masu unguwanni da ungozomomi da malaman asibitin karkara su ne za su fara cewa a je a auna jini. Kada a daina amfani da gishiri mai aidin a gida don wani ya kamu da wannan cuta, domin yara da masu ciki suna bukatarsa. A sayi magani a kantin da ke da rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali, a kuma adana katin asibiti da takardun awo wuri ɗaya.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Duk wanda ya ga rama tare da yawan ci, da zufa cikin hunturu, da faɗuwar gaba ba dalili, to, ya nufi asibiti tun da sauran ƙarfi a jikinsa.