Amsoshin Tambayoyinku: Ina Sayen Littattafai, Amma Ba Na Gamawa

Tambaya: Ina da shagon kayan waya a Kano. Ina sha'awar littattafan kasuwanci da na fasahar zamani, har na tara da dama, amma da na ci 'yan shafuka sai in ajiye. Yaya zan yi karatu ya zame mini jiki?

Amsa: Allah Ya yi wa kasuwa albarka.

Fara da rage tarin nan. Zaɓi littafi ɗaya, sauran ka kawar da su daga gabanka. Ai ka san yadda ake karatun zaure: ɗalibi ya ɗauki Ahalari, kullum ya biya 'yan layuka a gaban malam a lokacin da aka saba, ba ya taɓa Iziyya sai ya sauke na hannunsa. Haka za ka yi. Tsayar da lokaci guda, kuma ni na fi son bayan sallar Asuba, kafin ka buɗe shago, domin da dare gajiya ta riga ta cinye ka. Shafi 10 ya isa. Littafi mai shafi 300 wata ɗaya zai ɗauke ka. Ranar da uzuri ya hana ka, kada ka ce sai ka rama shafi 20 gobe. Ramuwar nan ita ke sa mutum ya watsar gaba ɗaya.

In a waya kake karatun, kashe data tukuna. Ka fi ni sanin abin da WhatsApp ke yi wa hankalin mutum.

Sai zaɓen littafi, wanda a ganina nan ne yawancin mutane ke karaya. Da yawa daga cikin littattafan nan an rubuta su ne don Ba'amurke mai wutar lantarki dare da rana, mai cin bashin banki da ruwa, shi ya sa kake karantawa ba ka ganin kanka a ciki. Fara da wanda ya taɓo kasuwar da ka sani. The Prosperity Paradox, na Clayton Christensen da Efosa Ojomo da Karen Dillon, wanda ya fito a 2019, ya kawo labarin yadda kamfanin Tolaram ya shigar da Indomie gidajen Najeriya, har ya samar wa kansa lantarki da motocin rarraba kaya. A cikinsa akwai kuma labarin Mo Ibrahim, ɗan Sudan, da ya kafa kamfanin sadarwa na Celtel a 1998 lokacin da masu kuɗi ke ganin talakan Afirka ba zai iya riƙe wayar hannu ba, aka sayi kamfanin a 2005 kan dala biliyan 3.4. Wannan sana'arka ce kai tsaye. In ka sauke shi, nemi The Innovator's Dilemma na 1997, shi ma na Christensen, kan yadda sabon kaya ke kayar da babban kamfani. Kai da ka ga zamanin Nokia, ka ga kuma ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014, ba za ka sha wuyar fahimtarsa ba.

Littattafan koyon wata manhaja kuwa saurin tsufa gare su, don haka duba shekarar bugu kafin ka fitar da kuɗinka. Duk littafin da ka kai shafi 50 bai ƙare ka da komai ba, ajiye shi, babu laifi.

Ka tanadi ɗan littafin rubutu. Duk babin da ka gama, rubuta abu ɗaya da za ka gwada a shago a makon nan, ko a lissafin kaya ne, ko a yadda kake bai wa abokan ciniki bashi. Sannan ka samu maƙwabcin shago ɗaya ku riƙa karanta littafi guda, kuna tattaunawa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kunyar a tambaye ka ba ka karanta ba za ta tashe ka ranar da kasala ta zo.

Gobe da Asuba ka soma. Bayan wata ɗaya ka rubuto mana inda ka kai. Allah Ya ba da sa'a.