Filin Ƙwallo da Cocin Birmingham

Akwai wani birni a jihar Alabama ta ƙasar Amurka wanda ake kira Birmingham. Kada mai karatu ya ɗauka na Ingila ne, suna kawai suka haɗa. Baƙon da ya sauka a wannan birni, wurare biyu akan fara kai shi, tsakaninsu kuwa kamar mil biyu ne.

Na farko shi ne filin wasa na Legion Field, wanda aka buɗe a 1927. Yana ɗaukar mutum wajen dubu 70. Ƙwallon da ya yi suna da ita ba irin tamu ba ce. Tasu doguwa ce kamar gwanda, a hannu ake rungumarta a yi ta gudu, 'yan wasa kuwa sai sun sa hular kwano saboda karo. Jami'o'i ne ke karawa a nan. Daga 1948 zuwa 1988 kowace shekara a wannan fili Jami'ar Alabama da ta Auburn suke haɗuwa.

To, amma shekara da shekaru babu baƙin mutum ko ɗaya a ƙungiyar Alabama. Ran 12 ga Satumba, 1970, sai ga 'yan Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun zo da baƙaƙen 'yan wasansu, suka lallasa Alabama da ci 42 da 21. Wani saurayi, Sam Cunningham, shi ya fi addabarsu. Mutane sukan ce wannan kashi ne ya buɗe wa baƙar fata ƙofa. Ni dai a ganina an ƙara gishiri, gama kafin ranar mai koyar da su, Bear Bryant, ya riga ya ɗauki wani baƙi, Wilbur Jackson. A 1971 John Mitchell ya zama baƙi na farko da ya buga musu wasa. Abin da za a ce kawai, shan kashi ya sa 'yan kallo sun rage gardama.

Mu ma muna da rabo a filin. A wasannin Olamfik na 1996, a nan ne Nijeriya ta ci Meziko 2 da nema, a kan hanyarta ta ɗauko zinariya.

Wuri na biyu ba na murna ba ne. A tsakiyar gari akwai wani dandali mai suna Kelly Ingram. A watan Mayu na 1963 'yan makaranta, sa'o'inmu da ƙannenmu, suka bar aji suka fito jerin gwano, suna neman a daina ware musu wurin cin abinci da famfon shan ruwa. Manyansu da yawa suna tsoron a kore su daga aiki, shi ya sa yara suka shiga gaba. Shugaban 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, Bull Connor, ya sa aka sakar musu karnuka, aka kuma buɗe musu mesar kashe gobara, ruwan yana kayar da yaro ƙasa. An kulle ɗaruruwa. Yau an kafa gumakan karnukan nan a bakin hanyar dandalin, mai ziyara sai ya ratsa tsakaninsu.

Daura da dandalin ga cocin Layi na 16, inda yaran suke taruwa kafin su fito. Ran Lahadi, 15 ga Satumba, 1963, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka dasa nakiya a gindin matakalarsa. 'Yan mata huɗu suka mutu: Addie Mae Collins da Cynthia Wesley da Carole Robertson, kowacce shekara 14, sai Denise McNair mai shekara 11. Ya ku 'yan'uwa, a makarantarmu da ba su wuce aji uku ba.

A 1964 Amurka ta yi dokar hana wariyar launin fata a wuraren jama'a. Shari'ar masu nakiyar kuwa ta yi tafiyar hawainiya. Sai a 1977 aka ɗaure mutum na farko, Robert Chambliss, sauran biyu kuma sai a 2001 da 2002. Na huɗunsu ya mutu ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba.