Matsalolin Waya da Matasa Ke Ɓoye wa Iyaye, da Yadda Ake Fita Daga Cikinsu

Darasinmu na yau na ƙannenmu ne 'yan shekara 13 zuwa 19, waɗanda ba su daɗe da fara riƙe babbar waya ba, ko suke aron ta Mama ko ta Yaya. Yawancin matsalolin da za mu taɓo suna da magani mai sauƙi. Abin da ke sa su yi girma shi ne shiru: yaro na tsoron in ya faɗa a gida za a ƙwace wayar, sai ya yi ta ɓoyo har abin ya fi ƙarfinsa.

Data da barci

Mu fara da masu sauƙi. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kukan "sun cinye min data" ya ƙaru. Sau da yawa bidiyo ne ke cinye ta. Shiga saitin WhatsApp, ka buɗe wurin da aka rubuta Storage and data, ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. A TikTok kunna Data Saver, a Play Store kuma hana manhajoji sabunta kansu sai an hau wifi. Danna *323# ka ga abin da ya rage maka. Idan saƙonnin talla sun dame ka, tura STOP zuwa 2442. Idan ana zarar maka kati ba dalili, ka kai kuka wurin kamfanin layin bai share maka hawaye ba, kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne.

Datar dare kuwa araha gare ta, amma da barcinka kake cika kuɗin. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 na bukatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu, aka tashe shi asuba, ga boko ga Islamiyya, kada ya yi mamakin gyangyaɗi a aji. Buɗe Digital Wellbeing a saitin Android ka ga awa nawa ka yi a waya jiya. Ni kaina da na fara dubawa sai da na ji kunya.

Lambobi shida da ke raba ka da WhatsApp ɗinka

Ga yadda ake yi. Wani zai kira ka cikin ladabi, ya ambaci sunanka, ya ce daga guruf ɗin makarantarku yake ko daga masu rabon tallafi, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba ka karanto masa. Sunan naka a guruf ya gan shi. Lambar kuma WhatsApp ne ya turo ta, saboda mutumin ya sa lambar wayarka a tasa wayar yana neman buɗe asusunka. Kana karanta masa, an fitar da kai, shi kuma ya shiga bin 'yan'uwanka da saƙon "don Allah a ranta min dubu biyar zuwa gobe".

Idan ya riga ya faru, kada ka ɓata lokaci wurin roƙonsa. Sake yin rajistar WhatsApp da layinka, ka shigar da sabbin lambobi shida da za su zo ta tes. Da zarar ka shigar da su, an fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa nasa makullin, WhatsApp zai tambaye ka lambar da ba ka sani ba, sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. A tsakanin nan kira mutanenka, ka sa wani ya sanar a gurufanku cewa kada kowa ya tura kuɗi. Nan ne ɓoyo ke yin ɓarna, domin kafin yaro ya iya buɗe baki an riga an karɓe kuɗin Gwaggo.

Rigakafin bai kai minti biyu ba: saiti, Account, Two-step verification, ka sa lambobi shida naka na kanka da adireshin imel. Ka riƙa leƙa Linked devices, in ka ga na'urar da ba ka sani ba ka fitar da ita. Wannan ya fi shafar masu ba abokai aron waya ko masu barin ta a shagon caji ba makulli.

Barazana da hoto

Wannan ita ce babba, kuma ita aka fi ɓoyewa. Ga samari, yawanci sabon asusu ne a Instagram ko Facebook mai hoton kyakkyawar budurwa. Hira ta yi daɗi cikin kwana ɗaya, a ce a koma WhatsApp, "ita" ta fara turo hoto ta ce kai ma turo naka. Kana turawa murya ta sauya. Sai a nuno maka jerin abokanka da danginka, a ce ka turo kuɗi cikin awa ɗaya ko kowa ya gani. Ga 'yan mata kuwa, sau da yawa ba baƙo ba ne. Saurayi ne da aka amince da shi, ranar da aka ɓata ya ce zai tura wa Baba ko wanda zai aure ki.

Wasu na dogara da hoton kallo sau ɗaya na WhatsApp. Gaskiya ne manhajar na hana ɗaukar hoton allo a kansa, amma ba ta da yadda za ta hana a ɗauke shi da wata wayar.

Kada ka ɗauka kai kaɗai aka yi wa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara. A watan Satumban shekarar, wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa a 2022 sakamakon barazanarsu, sa'o'i kaɗan da fara hirar. Na kawo labarin ne don a ga abin da gaggawa da kunya ke iya yi. Da su biyun mai barazana ke aiki, shi ya sa yake ba ka awa ɗaya, yana kuma nanata cewa kada ka gaya wa kowa.

Kada ka biya. Wanda ya biya ya nuna yana da kuɗi kuma ya tsorata, gobe za a dawo da farashi mafi girma. Daina ba shi amsa, amma kada ka goge hirar tukuna. Ɗauki hoton allon saƙonnin, sunan asusunsa, lambar wayarsa da lambar asusun bankin da ya ba ka. Asusun banki a Najeriya a haɗe yake da BVN ko NIN, don haka wannan lambar zare ce da masu bincike ke iya ja. Bayan haka kai rahotonsa a cikin manhajar, ka toshe shi, ka mayar da naka asusun na sirri.

Akwai shafi kyauta mai suna Take It Down, na cibiyar NCMEC ta Amurka, don hotunan da aka ɗauka kafin mutum ya cika shekara 18. Ba ka tura musu hoton. Shafin yana ciro wata lambar shaida daga jikinsa, kamar zanen yatsa, hoton na nan a wayarka. Da lambar ce Facebook, Instagram, TikTok da sauran manhajojin da suka shiga tsarin ke gane shi su cire in an ɗora. Wanda ya haura 18 ya yi amfani da StopNCII. Sai dai a sani, ba sa iya shiga hirar WhatsApp tsakanin mutum biyu, domin a kulle take.

Doka na tare da kai. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hukunta barazana ta saƙo, kuma ta haramta ajiyewa ko yaɗa hoton tsiraicin wanda bai kai 18 ba. Wannan ya haɗa da kai da aka turo maka a guruf ka tura gaba "don a gani". Rundunar 'yan sanda na da cibiyar yaƙi da laifukan intanet, EFCC ma na karɓar irin wannan ƙara, amma ba yaro ne zai je shi kaɗai ba.

Don haka dole babba ya sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba lallai ka fara da Baba ba. Zaɓi wanda ka san zai saurara kafin ya yi faɗa: Yaya, Anti, Kawu, ko malamar da kika yarda da ita. In bakin ya yi nauyi, rubuta a takarda: "Yaya, na yi kuskure a waya, ana yi min barazana, ina so ki taimake ni." Idan har ka ji zuciyarka na raya maka ka cutar da kanka, tashi wani a daren nan, kada ka jira gari ya waye.

Mu kuma yayye da iyaye da ke karanta wannan, idan yaro ya zo da irin wannan magana, a ajiye duka da ƙwace waya a gefe. Shaidar tana cikin wayar, kuma in aka fasa ta ko aka goge komai cikin fushi, an taimaki mai laifin ne. A fara da adana saƙonnin da toshe shi, faɗan ya biyo baya.

A darasi na gaba za mu nuna, da hotuna, yadda ake kulle asusun Instagram da TikTok ta yadda baƙo ba zai iya turo saƙo ba.