Daga Damargu Zuwa Kano Ba Biza: Abin da Za Ka Shirya Kafin Ka Hau Mota

Da zarar an kammala girbi, gero ya shiga rumbu, sai mutanen Tanut da Belbeji su fara maganar kudu. Wani zai kai gyatumarsa asibitin ido a Kano, wani zai je ɗaurin aure Daura, wata Hajiya za ta saro atamfa a Kantin Kwari, ga kuma samari masu son su hau Dutsen Dala su ga marinar Ƙofar Mata da idonsu. Tafiyar ba sabuwa ba ce. Ayarin raƙuma da ke tasowa daga Abzin ta Damargu yake bi, ya yi guzurin hatsi, ya ratsa Damagaram ya sauka Kano. Abin da ya sauya shi ne yanzu akwai iyaka a tsakani, kuma tun 2023 dokokin ƙetare ta sun yi ta motsi. Tambayar da ake yawan yi a tasha ita ce: tunda Nijar ta fita daga CEDEAO, ɗan Nijar yana buƙatar biza kafin ya shiga Najeriya?

Amsa a taƙaice: ba ya buƙata. Amma ya kamata ka san a kan me wannan sauƙin yake tsaye, domin ba inda yake tsaye a da ba ne.

A 1979 ƙasashen CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga. Ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, bisa sharaɗi biyu: ya riƙe takardar tafiya wadda ba ta ƙare ba, ya kuma riƙe katin rigakafi na ƙasa da ƙasa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka tsawon watanni, sai a watan Maris 2024 ɓangarorin biyu suka buɗe. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES, kuma ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A wannan ranar, CEDEAO ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na ƙasashen uku masu tambarin CEDEAO, su bar 'yan ƙasashen suna shiga ba biza, har sai an sanar da wani mataki. Ita ma AES tun watan Disamba 2024 ta ce ƙofarta a buɗe take ga 'yan CEDEAO. Ke nan abin da a da haƙƙi ne rubutacce a yarjejeniya, yanzu ya koma lamuni na wucin gadi. Sanarwa guda na iya sauya shi. Don haka duk wanda zai tafi, ya saurari rediyo a makon tafiyar, ya kuma tambayi direbobin da suka dawo jiya, ba wanda ya je bara ba.

Babban kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne su ji an ce ba biza, su ɗauka ba a neman komai. Mutum ya sa riga, ya ɗauki buta da tasbaha ya hau mota, yana cewa ai da Hausa zai yi magana. Hausa za ta sayo maka abinci a Kazaure, amma ba za ta fitar da kai daga hannun jami'in shige da fice ba. Mafi ƙarfin takarda shi ne fasfo. Tsohon fasfo mai tambarin CEDEAO yana nan da ƙarfinsa har ranar da wa'adinsa zai cika, sabon na AES kuma shi ne ke maye gurbinsa. Kada ka jefar da tsohon don ka ji an fito da sabo. Katin ɗan ƙasa yakan wadatar ga mai zuwa kasuwar bakin iyaka, kamar Mai'aduwa ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, ya ci kasuwa ya juyo. Amma gwargwadon nisan da ka yi cikin Najeriya, gwargwadon yadda kati shi kaɗai ke raguwar ƙarfi a shingayen hanya. Wanda zai wuce Kano zuwa Kaduna ko Abuja ko Legas, ko wanda zai hau jirgin sama, shawarata ya nemi fasfo, ko da neman zai jinkirta tafiyar.

A nan matsalar Damargu take. A ƙauyukan Tarka da Gangara da Olelewa da rugagen Tenhiya, akwai dattawa da mata da yawa waɗanda ba su taɓa mallakar takardar haihuwa ba, kuma ba a yin katin ɗan ƙasa sai da ita. Wanda ba a yi masa rajista yana jariri ba, sai ya bi ta kotu da shaidu a ba shi hukuncin da ke maye gurbinta, sannan ya je ofishin 'yan sanda a yi masa kati. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Abin da ke sosa mini rai shi ne yawanci ba a tunawa da shi sai ciwo ya kwantar da tsoho, ana son a garzaya da shi Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala, sai a tarar ba shi da ko ƙyallen takarda. Idan kana da iyaye a raye, ka yi musu kati tun suna da lafiya, ko da ba su da niyyar zuwa ko'ina. Ka kuma duba yadda aka rubuta suna. Idan takardar haihuwa ta ce Mahamadou, kati ya ce Mamane, to ka gyara tun a gida, domin a iyaka wannan bambancin kaɗai ya isa a saukar da kai daga mota a bar ka kana bayani.

Sai katin rigakafi, wato katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Abu biyu za ka riƙe game da shi. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba ranar tafiya ake yin ta ba. Sannan tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ke nan tsohon katinka bai mutu don ya wuce shekara 10 ba. Za ka haɗu da masu cewa su sayar maka da kati ba tare da allura ba. Kada ka yarda. Sauro ba ya duba hatimi, kuma katin jabu laifi ne da zai iya jawo maka abin da ya fi kuɗin allurar nesa ba kusa ba.

Game da yara, a ƙara kula. Wanda zai tafi da yaron da ba nasa ba, ko ɗan ƙanensa ne, ya riƙe takardar haihuwar yaron da takardar amincewar iyayensa mai hatimin hukuma. Jami'an ƙasashen biyu suna sa ido sosai kan fataucin yara, kuma malamin da ya kwaso almajirai ba takarda shi ne farkon wanda za a tsare. Ita ma uwa mai tafiya da 'ya'yanta ba tare da maigida ba, ta riƙe takardunsu a jakarta.

Hanya kuwa sananniya ce. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne, ta Bakin Birji. Daga can mai zuwa Kano yakan bi ta Takeita da Matamai zuwa Ɗan Barto, ya ƙetara Kwangwalam, ya bi Daura da Kazaure. Akwai kuma hanyar Magarya da ke fita Babban Mutum. Ka tsara yadda za ka isa iyaka da hantsi, ko da hakan na nufin kwana a Damagaram, don ka shiga Kano rana ba ta faɗi ba. A bakin iyaka masu babura za su yi maka tayin zagaye ta daji, su ce ya fi sauri kuma ya fi araha. Ga ɗan yankin da gonarsa ke wancan gefen, wannan rayuwarsa ce ta kullum. Kai baƙo mai zuwa Kano, ka bi ta ƙofa. Idan da fasfo kake tafe, ka tabbatar an buga maka hatimin fita a gefen Nijar da na shiga a gefen Najeriya, ka buɗe ka duba kwanan watan kafin ka bar wurin. Da wannan hatimin ake ƙirga kwanakinka, kuma wanda ba shi da shi, a idon doka ya shiga ta ɓarauniyar hanya ne ko da fasfonsa sabo ne fil. Idan aka nemi kuɗi, ka tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, na mene ne?", ka kuma nemi rasidi. Wanda takardunsa suka cika yana iya yin wannan tambayar ba gabansa na faɗuwa.

Kwana 90 ɗin na ziyara ne. Ba izinin zama ba ne, ba kuma na kama aikin albashi ba. Wanda zai daɗe, kamar ɗalibi ko mai jinyar da ta ja lokaci ko ɗan cirani da ya sami wurin zama, ya je ofishin hukumar shige da fice tun wa'adin bai cika ba ya nemi takardar zama. A 2025 ministan cikin gida na Najeriya, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da tarar dalar Amurka 15 a kowace rana ga baƙin da suka wuce wa'adinsu. Wannan ya nuna inda iska ta dosa. Nijar na da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano. Ka san inda yake, domin can za ka nufa idan takardunka suka ɓace. Ka ɗauki hoton kowace takarda a wayarka, ka kuma bar kwafi a gida wurin wanda ka amince da shi.

Kaya ma suna da tasu dokar, kuma sassaucin biza bai shafe su ba. A watan Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a 2025 kuma gab da babbar Sallah ta hana fitar da dabbobi. Kafin ka ɗora buhun gero ko ka ja rago a matsayin tsaraba ga dangi, ka tambayi 'yan duwan halin da ake ciki. Saƙon da aka ba ka a tasha a ɗaure, ka buɗe shi a gaban mai shi, in ya ƙi ka ajiye masa kayansa. Ƙwayar tramadol da makamantanta sun kai mutanen kirki gidan yari a kan abin da ba su san yana cikin jakarsu ba. Takobi da wuƙar ɗamara da makiyayinmu ke ɗauka ado, a bar su a gida. Kuɗi kuma ka canza kaɗan a iyaka don mota da abinci, sauran sefar ka kai wa 'yan canjin Wapa a Kano bayan ka tambayi farashin ranar.

Duk abin da na faɗa ya shafi kudu ne. Kwaltar da ta bi ta Tanut tana da wani bakin da ya nufi Agadas da Arlit, kuma can lissafin daban yake. Aljeriya da Libiya ba su taɓa kasancewa cikin CEDEAO ba, ɗan Nijar yana buƙatar biza kafin ya shige su. Soke dokar 2015 kan safarar baƙin haure da aka yi a Yamai a watan Nuwamba 2023 dokar Nijar ce, ba ta buɗe ƙofar kowace ƙasa ba. Har yanzu Aljeriya na kwaso mutane ta sauke su a sahara, su taka kusan kilomita 15 kafin su kai Asamaka. Jihar Damagaram ba ta manta da watan Oktoba 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Duk wanda ya ce maka arewa ma ba biza ake shiga, yana da kujera a mota da yake son sayar maka.

Idan kuma ɗan'uwanka na Kano ko Katsina ne zai zo maka, ya ga kasuwar raƙuma ko ya halarci biki, ka gaya masa tun da wuri ya zo da fasfonsa da katin allurarsa. A watan Janairu 2025 Nijar ta fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shigowa da zaman baƙi, wadda ta tanadi hukunci har ga wanda ya saukar da baƙon da ba shi da takarda. Ya bi ta Ɗan Barto ko ta Magarya a buga masa hatimi, kai kuma in ya iso ka gabatar da shi wurin mai unguwa ko maigari kafin ku fara yawon gaishe-gaishe.